Ƙwan Manaja da lambun surukina

Malam, a taimaka mini da shawara, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yi dariya. Ni ba mai kai kuka ba ne. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta wa wani ina neman abu.

Sana'ata gilashi da alminiyam: tagogi, ƙofofi, kantar shago. Da kyar na gama sakandare, na fara da abin yankan gilashi guda ɗaya da tsohon tebur. Yau shagona ƙofa uku ne, magidanta shida ke cin abinci a ƙarƙashina, kuma babu wanda ya ɗaga ni sai Allah. Na faɗi haka ne don a san ba rashin aikin yi ya sa nake kiwon ƙoƙi-ƙoƙi ba.

Wata takwas ke nan, muna kwance ɗaurin alminiyam sai ga ta a tsakanin sanduna, 'yar mitsitsiya, koriya shar, ta ɗaga hannuwa wai za ta yi faɗa da ni. Abin ya burge ni. Na haɗa mata akwati da guntayen gilashi, na sa mata reshe. Ma'aikatana suka raɗa mata Manaja, saboda yadda take naɗe hannu tana juya kai tana bin kowa da kallo, ita ba ta taɓa komai. Ƙuda da fara nake kama mata. A gabana ta yi ta saɓa har ta yi fiffike.

Zaman akwatin ne bai kwanta mini ba. Shekara biyar na yi ina koyon aiki a ɗaki marar taga, na san abin da bango huɗu yake yi wa mai rai. Shi ya sa kullum da safe, kafin a tayar da inji, nake ɗora ta a bayan hannuna in kai ta kan wata fulawa da ke cikin tukunya a ƙofar shago, in sha shayina a gefenta. Mai waldan da ke kusa da mu har yau in ya gan ni sai ya tambaya ko na fito da uwar ɗakina shan iska. Ko a jikina. Sau ɗaya ƙadangare ya kai mata cafka ta rasa ƙafar baya guda, matata ta ce in daina, ban daina ba.

A wannan fitar ne wani namiji ya same ta. Bayan 'yan makonni ta yi wani abu kamar kumfa a jikin reshen, ya bushe ya yi tauri. Ashe ƙwai ne. Na mayar da reshen wani akwati daban. Ranar da suka ƙyanƙyashe, Malam, sun fi ɗari, kowanne kamar sauro, kowanne da 'yan hannuwansa a ɗage irin na uwar. Don kada su tsere sai na bi kowace kusurwa da gam na toshe, har murfin. Ni kuwa aikina ba ya yoyo, da wannan aka san ni. Tagar da na sa ko iska ba ta ratsa ta. Kwana uku gilashin ya yi gumi ta ciki. Waɗanda rashin iska bai kashe ba suka cinye juna. Ko ɗaya bai kai labari ba. Da hannuna na share su, kuma na san gwanintata ce ta kashe su.

Yanzu ta sake yin wani ƙwan, ina jin na ƙarshe ne, don ta tsufa, sai na kai mata ƙuda har baki take ci. Na ƙudura a raina waɗannan ba za su buɗe ido a cikin gilashi ba. Fulawar ƙofar shago ba za ta ɗauke su ba, layinmu kuwa daga siminti sai tartsatsin walda. Na zaga na duba, wuri ɗaya ne mai ganye da inuwa da ƙwarin da za su ci: lambun surukina a bayan gidansa. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya, yana da tumatir da barkono da lemun tsami. Kuma duk Asabar sai ya goya famfonsa ya yi feshin maganin ƙwari.

Ga inda ƙullin yake. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, ranar da muka je neman 'yarsa, a gaban kawuna ya tambaya ko da fasasshen gilashi zan ciyar da ita. Ya ba ni ita daga baya. Tun ranar nakan je in durƙusa in gaishe shi, in kai masa jikokinsa, amma ko ruwan gidansa ban taɓa sha ba, ko allura ban taɓa roƙonsa ba. Da tagogin falonsa suka lalace ma'aikatana na tura suka canza, ni ban taka ba.

Dabarata ita ce ranar da zan kai yara in yanko reshen in ɗaura shi a cikin bishiyar lemun tsami ba tare da ya sani ba, ita kuma matata ta cire bakin famfon ta ɓoye na wata guda. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ɓoye wa mahaifinta abu ba, ba za ta fara a kan ƙwaro ba, in je in buɗe baki in yi magana. Kwana biyu ke nan sai dai ta ajiye mini abinci ta wuce.

Fitar da su zan yi, wannan babu ja da baya. Tambayata: ta yaya zan shawo kanta? Ko akwai wata hanya da ba sai na tsaya gaban dattijon nan na ce ina roƙo ba? A lissafina sati uku ya rage.

Naka,
Mai Gilashi

AMSA

Mai Gilashi, na karanta har ƙarshe kuma ban yi dariya ba, sai dai a wurin sunan Manaja. Ƙudurinka daidai ne. 'Ya'yan ƙoƙi-ƙoƙi suna bukatar iska da fili su watse tun ranar farko, in ba haka ba su cinye juna, kamar yadda ka gani. Abin da ya faru da na farko rashin sani ne, kada ka ci gaba da hukunta kanka.

Dabararka ce ba za ta yi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a aikin gona ba zai fasa feshi don bakin famfo ya ɓace ba. Zai samo wani kafin azahar, ya feshe lemun da ƙwan da ke ciki, bai ma san akwai su ba. Ka ga an koma gidan jiya: ka rufe su da gam sun mutu, yanzu za ka rufe su da shiru. Sannan ka sa matarka tsakanin mijinta da ubanta. Ta fi ka gaskiya a nan, ka fara da ba ta haƙuri.

Maganar da dattijon ya faɗa ta yi zafi, musamman a gaban kawunka, ba zan ce ka yi kamar ba a yi ba. Amma kai ma uba ne yanzu, ka san fargabar mai 'ya. Ya ba ka ita, kuma shekara goma sha bakwai ka ba shi amsa. Ta tagar da ma'aikatanka suka sa masa yake kallon lambun nan kullum. Babu mamaki shi ma ya daɗe yana lura da kofin ruwan da ake ajiye maka kana barinsa cike, bai san ta inda zai fara ba.

Ka je cikin satin nan, kai kaɗai, da safe lokacin da yake ban ruwa. Ka tafi da reshen a hannu, ka ɗauki Manaja ma in jikinta zai ɗauka. Kada ka shirya dogon jawabi. Ka nuna masa ƙwan ka tambaye shi inda ya kamata a ɗaura. Malamin gona ya fi ni da kai sanin cewa ƙoƙi-ƙoƙi mai gadin lambu ne, ƙwarin da yake fesa wa magani su ne abincinsa. Abin da za ka nema kaɗan ne: kusurwa guda da zai bari ba feshi na wata biyu, kuma ya riƙa duba inda iska ta nufa in zai fesa sauran.

In ya yarda, ku ɗaura reshen a inuwa, daidai ƙirji, a yadda uwar ta ajiye shi, kada a kifa. A shafa man giris a ƙasan reshen saboda tururuwa. Ka kuma shirya zuciyarka: a cikin ɗari ƙalilan ne za su girma, tsuntsu da ƙadangare za su ci rabonsu. Ko biyar suka rayu ka ci nasara. In kuwa ya ƙi, lambunsa ne, ka yi godiya, ka nufi masu sayar da dashen itatuwa a bakin gari, kana da sauran lokaci.

Ita Manaja, irinsu ba su cika wuce shekara ba. Ka ci gaba da fitar da ita da sassafe, kana kusa, ka ɗora ta ƙasa-ƙasa don ƙarfin riƙonta ya ragu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi wuya: in kun gama ɗaurin ya ce a kawo maka ruwa, ka karɓa ka shanye. Allah ya raya 'ya'yan Manaja, ya daidaita tsakaninka da Baba, ya ƙara wa shago albarka.