Jan-baki a Wuyan Riga

Yaya Jacinta,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, hannuna ma ya rage tsagewa.

Har yanzu wanki nake a kamfanin fim a Hollywood. Fim ɗin da ake ɗauka ya ishe ni: mata ta ga jan-baki a rigar mijinta, ta harbe shi, a kotu kowa na taya ta kuka. Jinin ma na cakulan ne, hawayen ɗiga mata ake. Shugabarmu ta ce, "Cuɗa rigar da kyau, Amparo, gobe za a sake kashe mijin." Tir.

Ki aiko min man shafawa. Ki ce wa Mama mijina yana lafiya. Jiya na ga jan-baki a tasa rigar. Ba wanda ya taya ni kuka, Yaya. Wankewa na yi.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Amparo