Sunan da Babana Ya Faɗa a Ƙofar Ofishinka

Zuwa ga Alhaji Sakataren Kwamitin Tallafin Karatu na 'Ya'yan Ma'aikata, a kamfanin da ke shimfiɗa kwalta daga Sabha zuwa Tamanhint.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Lafiyarka ta dame ni ƙwarai, Alhaji, domin ina so wasiƙar nan ta same ka idonka garau.

Ni ne ɗan marigayi Malam Idi magini na unguwar Mahdiya, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen zuba kankare a kamfanin nan. Ka san ni. Ka ci naman sunana a Tawa, tun kafin kuɗin fetur su kwaso mu duka zuwa nan yankin Fezzan.

Na ɗaya. Shekara uku ke nan, kamfani ya ware gurbi guda don tura ɗan ma'aikaci jami'a a Tarabulus, da kuɗin karatu da ɗaki da abinci. Ni na zo na ɗaya a jarrabawa cikin 'ya'yan ma'aikata. Ranar rubuta suna ina Tamanhint ina aikin dabino a gonar wani Balarabe, sai Baba ya je a madadina, takarduna a naɗe cikin ƙyalle.

Na biyu. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa mini. Ba sai na koya maka ba, mutum irin Baba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, balle idan sunan mahaifinsa ne. Da ka tambaye shi sunan ɗalibi, ya sunkuyar da kai ya ce Abba, yadda ake kirana a gida, ya tura maka takardun ka karanta da kanka. Ka rubuta Abba a rajista, takardun suna gabanka a buɗe.

Na uku. Da kwamiti ya zauna, mudir, wato shugaban kamfani, Balarabe ne, sauran kuma injiniyoyi baƙi. Ba su san kunyarmu ba. Kai kaɗai ne Bahaushe a ɗakin, magana ɗaya daga bakinka ta isa ta warware komai. Sai ka nuna musu cewa sunan rajista daban, na takardar jarrabawa daban, wai wataƙila takardar wani aka aro. Gurbin ya tafi ga ɗan ƙanen matarka.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya hana ni yafewa. Baba ya zo ƙofar ofishinka da hantsi, leburori sun yi layin karɓar katin aiki. Ya cire hularsa. Ya ɗaga murya ya faɗi sunana, sunan ubansa, sau uku, tsofaffin da ke layin suna kawar da kai don kunya. Kai kuma ka leƙo ta taga ka ce an rufe rajista. Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Wata biyu bai iya kallon fuskata ba. Ya rasu bara yana ganin shi ne ya kashe mini karatu, duk rantsuwar da na yi masa ba ta shiga kunnensa ba.

Shekaruna sun wuce na neman gurbin, ba zan zama injiniya ba. Larabcin da na tanada don jami'a shi ya sama mini aikin buga tafireta a ofishin mudir, inda ake ajiye tsoffin fayiloli. Na yi wata bakwai ina shan ƙurarsu, ban gaji ba, har na samo takardar ɗaukar Baba aiki. Kai ka cike ta. A layin 'ya'ya ga sunana na yanka, cikakke, da rubutun hannunka. Ita da shafin rajistar da fassarar wasiƙar nan suna kan teburin mudir tun ranar Lahadi. Na kai wa limaman unguwannin Mahdiya da Tayuri kwafi, kuma duk majalisar shayin da na zauna zan karanta ta.

Ga buƙatuna. Ka ajiye kujerar nan kafin kwamiti ya zauna bayan Sallah, idan kana so ka fita da ƙafarka. Bana ƙanwata Hajara tana neman gurbin, kada hannunka ya taɓa takardunta. Sannan ka fito ƙofar ofishin nan da hantsi, leburori suna layi, ka cire hularka, ka faɗi abin da ka yi, ka faɗi sunan wanda ka yi wa sau uku. Kai ba ka da kunyar da za ta hana ka.

Allah Ya ja kwananka, Alhaji, Ya bar maka ji da gani, ka ga ƙarshen wannan magana da idonka. Allah Ya yi maka sakayya daidai da aikinka, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban yafe ba, na Baba kuwa sai kun haɗu.

Wassalam, daga wanda ka daɗe da sanin sunansa,

Usumanu Idi,
Mahdiya, Sabha.