Makullin Mai Lemo

Asabar, 21 Disamba
Jiya da yamma mota ta kutsa cikin kasuwar hutun ƙarshen shekara, ta bi layinmu tana taka mutane. Da gangan. 'Yata Auta tana gaban rumfata tana jera kayan wasan yara. Yau muka binne ta. Takalminta ɗaya har yanzu ba a gani ba.

Litinin, 23 Disamba
Ashe direban ɗan Mai Lemo ne, maƙwabciyar rumfata. Yaron da na sha goyawa in uwarsa tana ciniki. 'Yan sanda sun harbe shi. Da ma ni aka bar wa.

Alhamis, 2 Janairu
An buɗe kasuwa. 'Yan sanda sun sako Mai Lemo, wai ba ta san komai ba, amma sun riƙe makullanta. A layinmu kowa yana ajiye makulli ɗaya wajen maƙwabcinsa, nata yana jakata. Ta zo ta durƙusa: "Yaya, ki taimaka, kayana za su ruɓe, su ke nan gare ni." Na ce ya ɓata. Ta san ƙarya nake, ni kuma na so ta sani.

Asabar, 4 Janairu
Ta nemi a fasa mata kwaɗon. Maƙeri ya ce hannunsa na ciwo. Mahauci ya yi dariya har da tari. Na taya shi.

Talata, 7 Janairu
Ta wuni a bakin rumfarta, ba mai amsa gaisuwarta. Na ci abinci a gabanta, na zuba wa kare sauran. Ta ce, "Ni ma fa na rasa ɗa." Na ce, "Naki ai da ƙafarsa ya tafi." Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Wanda ya haifi maciji kada ya nemi a yi masa ta'aziyya.

Juma'a, 10 Janairu
Ba ta zo ba.

Litinin, 13 Janairu
Yau ma. Mahauci ya ce mai gidan haya ya watso mata kaya waje, ba wanda ya san inda ta nufa. Na buɗe rumfar, na kwashe ruɓaɓɓen lemon, na wanke daɓen. Wari ne ya ishe ni, shi ke nan. Na tsince guda tara masu kyau na sa a inuwa. Ban san wa zan ba.