Matar da ke jikin kwali

Litinin, 3 ga Yuni
Jiya na karkata zanen goshin amarya. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa amaren garinmu Solo, a tsibirin Java, kwalliya, sai jiya tsinin hagu ya sauka ƙasa da na dama. Uwar yarinyar ta lashi yatsa ta gyara. Gara ta zage ni.

Laraba, 5 ga Yuni
Na je shagon gilashi da ke bayan kasuwa. Tabarau kam a'a, malamata har ta mutu ba ta yarda a tsaya gaban amarya da shi ba. Mai awon ido, wata Ratri, ta jera mini gilasan mannawa a ƙwayar ido, masu laushi, iri uku: na kwana ɗaya a jefar, na wata guda, sai mai gani biyu, kusa da nesa, shi ma na kwana ɗaya. A jikin kwalin na ukun akwai hoton wata mai furfura tana murmushi.
"Bu Sumirah, shekarunki nawa?" in ji Ratri, har da "Bu" ɗin girmama manyan mata.
Na ce arba'in da huɗu.
"To Bu, idon ya girme ki. Mai gani biyun nan shi ne naki."
Na wata guda na ɗauka. Kwalinsa yarinya ce a jiki.

Asabar, 8 ga Yuni
Ina hango lambar babur daga ƙarshen layi. Zare a allura kuwa, ko kusa. Dama Ratri ta faɗa mini.

Talata, 11 ga Yuni
Bikin Wulan, 'yar ƙanwata, ran 23 ne. Tun tana goye take jiran zanena. Ta leƙo yau, ta kira ni yadda ake kiran yayar uwa: "Budhe, in ba ke ba, da goshi fayau zan fita." Na yi dariya. Na gwada zane a bayan faranti, sau shida. Duk shidan na wanke kafin wani ya gani.

Laraba, 12 ga Yuni
Na fara azumin da masu kwalliya ke yi kafin biki. Kamar kullum na tsoma kayan aiki a ruwan furanni, mataji da tsinken zane da almakashi. Sai na ce ai gilasan mannawan nan ma kayan aiki ne. Na zubar da ruwan shago da ke ɗan akwatinsu, na jiƙa su a na furanni, ko albarka ta gyara abin da awo bai gyara ba.

Alhamis, 13 ga Yuni
Ido ja wur, kamar an zuba barkono. Na ce wa maƙwabta hayaƙin murhu ne.

Jumma'a, 14 ga Yuni
A shago, Ratri ta ɗaga ɗan akwatin ta sansana.
"Bu, ƙamshin fure nake ji."
Na kalli silifas ɗina.
Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta ce kakarta ma haka take yi da haƙoran roba. Ta rufe shago ta raka ni wurin likita. Da ya tambayi shekaruna tana tsaye a gefe. Hamsin da bakwai, na ce, a hankali. Ya ce bai ji ba, sai da na maimaita.
Magani, kuma mako guda kar in sa komai a ido. Ya ce na yi sa'a.

Asabar, 15 ga Yuni
Ko in kira Bu Tatik, abokiyar sana'ata, ta yi wa Wulan zanen. Na danna lambarta, na kashe.

Jumma'a, 21 ga Yuni
Likita ya sallame ni. Na koma shagon, na nuna kwalin mai furfurar da yatsa. Mai gani biyu, na kwana ɗaya.
"Wannan ba a jiƙa shi a komai, Bu. Da yamma sai kwandon shara."
Na ce na ji, ba sai ta yi shela ba.
A gida na sa, na ga layukan tafin hannuna. Na kuma ga fuskata a madubi. Wannan ban shirya masa ba.

Lahadi, 23 ga Yuni
Tsinin hagu da na dama sun zauna daidai. Ashe Wulan na da ɗan tabo a gefen gira, na faɗuwar da ta yi tana ƙarama. Na manta da shi, shekaru ban gan shi ba. Ta ce, "Budhe, kuka kike?" Na ce sabon gilashi ne.
Na jefar da su da la'asar, hannuna na ƙi. Kwalin yana kan teburin kwalliya, wurin da baƙi ke zama. Ban juya shi bango ba. Matar mai furfurar ba ta da wani muni.