Karan da Sodangi Ya Jiƙa da Taki

Ƙofar Rini, Sakkwato
Bazarar 1978

Zuwa ga ɗiyata Mariyatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ke da maigidanki da yara. Malam Filibus maƙwabcinmu ke rubutawa, na ce kar ya gyara mani magana.

Saniyarmu Hwara ta rame, haƙarƙarinta duk a waje. Kin san ita kaɗai ta rage daga garken babana, kakarta ma ni na karɓi haihuwarta. Kara na ba ta, sai ta tauna ta zubar.

To ƙanenki Sodangi, tun da ya shiga jami'ar ga, ya zama likitan kara. Wai a cikin karan akwai abinci, amma wani abu mai tauri, liginin ko mi, ya ɗaure shi tamau, tumbin saniya ba ya iya kwancewa. Sai ya gina rami bayan ɗakina, ya daddatse karana, ya jiƙa takin gwamnati ya kwarara, ya rufe da leda. Wai takin ke tsinke ɗaurin. Mariyatu, da ya buɗe, zarni kamar bayan tashar mota! Tuwona ma ban ci ba. Na rantse muddin ina numfashi Hwara ba ta sa baki.

Ki rubuto ki ja mai kunne.

Naki,
Babanki Ƙasimu

Zuwa ga Mariyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyarku, takardarki ta iso. Ashe ke ma bayansa kike.

Hwara ta kwanta, mun kasa tada ta. Ina masallacin Juma'a uwarku Balaraba ta ɗebo ƙazantar nan ta zuba mata. Na dawo na tarar da Hwara kai cikin ƙwarya, tana ci har da lumshe ido. Ni da na goya ta tana maraƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta tashi. Ta yi kumari, nono ya dawo, kowa na sha yana yaba Sodangi. Ni in na kai ƙwarya baki, zarnin ramin nan nike ji.

Na bar masa ita. A wurina saniyar babana ta mutu ran Juma'ar nan, wagga da ke turke ta gwamnati ce. In an sami mai zuwa, ki aiko mani da madarar gwangwani.

Ki gaida yara.

Babanki,
Ƙasimu