Shaidar Bayan Katanga

Litinin, 14 ga Satumba, 2020
Na miƙa takardar neman tallafin korona na masu kiwo a ofishin da aka buɗe a Sabon Gari. Sau uku na duba kowane layi. Tun lokacin kulle, da ƙwai ya ruɓe a hannuna, na sayar da kajina ɗari uku a wulaƙance. Idan tallafin nan bai zo ba, kiwona ya ƙare. An ce jami'i zai zo ya ga akurkin da idonsa.

Laraba, 30 ga Satumba
Na kwashe kashin kaji kaf, na ƙone tsohuwar dusar katako, na wanke daɓe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na shafe bango da farar ƙasa. Haka ƙasidar malaman dabbobi ta ce, shafi na bakwai. Uwargida Ruwaida ta ce ɗakinta bai taɓa samun wannan gatan ba.

Talata, 6 ga Oktoba
Jami'in ya zo, Malam Nehemiya. Ya shaƙi iska, ya dubi ƙasa, ya ce, "Malam Gana, a gidan kiwo na tashi. Nan ko gashin kaza babu." Wai da yawa sun gina akurki jiya-jiya don tallafi kawai. Na nuna masa shafi na bakwai. Ya ce ƙasida ba ta yin ƙwai. Ya ba ni mako guda in kawo shaidar da ba daga hannuna ta fito ba.

Laraba, 7 ga Oktoba
Da hannuna na wanke hujjata.

Alhamis, 8 ga Oktoba
Ruwaida ta ce, "Malam, ai shaidarka tana bayan katanga." Hajja Bintu take nufi, maƙwabciyarmu, wadda ta kai ni ƙara wurin mai unguwa har sau biyu saboda wari. Shekara biyu ba mu gaisa ba. Na ce ba zan je ba.

Asabar, 10 ga Oktoba
Na je. Na tsara jawabina tun daga gida, amma ko rabinsa ban kai ba ta katse ni. "Au, yau kuma warin ne ya zama abin nema?" Ta yi dariya har da tari. Na jure.

Litinin, 12 ga Oktoba
Hajja Bintu ta tsaya gaban Malam Nehemiya da mai unguwa ta ce, "Ɗan nan, shekara huɗu tagata a rufe. Ƙudan gidan mutumin nan sun san sunana." Jami'in yana rubutawa yana danne dariya. Ni kuwa kaina a ƙasa. Ba ta yi mini ƙari ko na kalma ɗaya ba. Na sake duba ƙasidar. Babu shafin da ya ambaci tagar maƙwabci.

Alhamis, 19 ga Nuwamba
Tallafi ya fito. Alhamdu lillahi. 'Yan tsaki za su iso ranar Talata.

Asabar, 10 ga Afrilu, 2021
Kaji sun fara ƙwai. Tun kafin zuwansu na mayar da tagar akurkin gabas, nesa da ɗakin Hajja. Saboda iska ne kawai, kuma ƙasida ba ta hana ba. Kiret ɗin ƙwai na farko da kaina na kai mata. Ta ce, "Yanzu ba na jin komai. In an sake zuwa bincike, ka nemi wata shaidar." Gaisuwa kaɗai na shiga yi, amma kiran la'asar ne ya tashe ni daga hira.