Ƙarfe Ya Ci Ka, Baban Abba

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan makwancinka ya yi sanyi. Ka san rubutuna ba kyau, amma maganar nan ta ƙi zama a cikina.

Da na ji ihu daga gahawa, gidan shayinka, bayan la'asar, ban gane ba. Ko da na tarar da kai a ƙasa tsakanin gadajen igiya, ka dafe ciki, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunka, ban gane ba. Sai da na kalli Jibrin ɗan dako. Yana tsaye da wuƙa, dariya ba ta gama barin fuskarsa ba, yana ta cewa, "Wallahi ƙarfe ba ya cin sa! Ku tambayi kowa a unguwar Karantina!" A nan na san ba faɗa aka yi ba. Labarinka ne ya kashe ka.

Masu gidajen sha na da, kowa da abin da ake faɗa a kansa. Kai ka ba ni labarin wata tsohuwa a garin Sawakin da tulunta ba ya ƙafewa, da wani a unguwar Bagdadiyya da aljani ke yi wa gadi. Kai naka tauri ne. A gaba shayi da shisha, bayan labulen buhu kuma marisa, giyar dawar da ka koyo a Sudan. Mai irin wannan sana'a ba ya kiran askar, 'yan sandan nan ƙasar Larabawa, in rigima ta tashi. Shi ya sa duk mai shiga baya sai ya kwance wuƙar damtsensa ya jefa a kwandon ƙofa. Har ƙartin da ke sauke kaya a bakin teku suna jefawa, tunda Gagara-Ƙarfe ne ya ce.

Ni na san asalin sunan. Farkon buɗe gahawarka wani mashayi ya kai maka suka, wuƙar ta sauka a ƙarfen ɗamararka ta lanƙwashe. Ni na gasa maka wurin da ruwan zafi. Kafin magariba labari ya zaga unguwa.

Ka tuna ranar da fasasshen finjali ya yanke ka a yatsa? Ka ɓuya a ɗaki har ya warke, muka ce zazzaɓi ne. Na ce ka gaya musu gaskiya. Ka yi dariya ka ce, "Bar su, uwar Abba. Labarin nan ya fi kwaɗo tsare min ƙofa."

Ya tsare kuwa, shekara da shekaru. Sai ga baƙi sun sauko daga jirgi suna musu, wai ƙarya ce. Jibrin, da ka sha ciyarwa in ba aiki, ya ji haushi dominka. Kana zuba shayi ya zaro wuƙa daga kwandon, ya ce, "Yalla, ku buɗe ido!" Ya luma maka ita har ƙota, da dukkan ƙarfinsa, don bai taɓa shakkarka ba.

Askar sun farfasa tulunan, marisa ta gauraye da jininka, ƙuda suka rufe tsakar gida. Jibrin kuma an sare masa kai bayan sallar Juma'a. An ce har ya durƙusa yana tambayar wa ya karya maganin. Abba ya je ya kalla. Ni kukan mahaifiyar Jibrin nake ji ta bayan langa-langa.

Unguwa ta samo masa amsa. Wai ni ce, na ba ka miyar kuɓewa, yauƙi ya karya tauri. Mata na janye garwarsu in na zo ɗiban ruwa. Ɗanka ya daina cin abincina. Duk wannan zan iya ɗauka.

Ga wanda ba zan iya ba. Abba ya ɗaure gadajen, ya mayar da kwandon ƙofa. Ya samu wani mai magani cikin alhazan da ba su koma ba, kullum yana shan jiƙo. Ya ce ran Juma'a zai tsaya a bakin gahawa ya miƙa wa abokinsa wuƙa a gwada, kowa ya san ɗan wa ne shi.

In na faɗa masa, na mai da kai maƙaryaci a idonsa, shi da ba shi da abin alfahari sai kai. Wataƙila ma ya ce kaina nake wankewa. In na yi shiru, zan sake ganin jini tsakanin yatsu, irin yatsunka sak.

Na fito da ɗamarar daga akwati. Tabon wuƙar na nan a ƙarfen. Ka yafe min, maigida, zan tona ka. Ni dama ba Gagara-Ƙarfe na aura ba. Mutumin da ke runtse ido in wanzami ya ɗauko aska, shi na aura, shi nake kewa.

Allah Ya gafarta maka abin da ka sayar, Ya gafarta wa Jibrin, Ya ba uwarsa haƙuri. Allah Ya buɗe kunnen ɗanka, ni kuma Ya ba ni baki.

Taka,
Uwar Abba

Jibi Juma'a. Har yanzu ban nuna masa ɗamarar ba.